Fim Ya Ƙi Tafiya Bayan An Ɗaga Windows: Yadda Ake Bin Sawun Matsala a Kwamfutar Falo

Tun da Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kwamfutoci da yawa da ke ƙarƙashin talabijin a gidajen Legas suka koma Windows 11. Wasu da sanin masu su aka yi, wasu kuwa yaron gida ne ya ga saƙo ya danna. Washegari sai a tarar fim ɗin da ya tafi lafiya jiya yana cijewa, ko hoto ya fito ba murya, ko launi ya koɗe kamar tsohuwar atamfa. Idan ka ɗauki na'urar ka shiga Computer Village a Ikeja, ko ɓangaren kayan lantarki na kasuwar Alaba, abin da za ka fi ji shi ne: "Alhaji, sai dai a yi mata formatin." Wani lokacin hakan na warkar da ita, amma a kan kuɗinka da saitunanka na shekaru, kuma sau da yawa matsalar takan dawo da zarar ta ga intanet.

Ɗaga Windows ba ya ƙona komai a cikin akwati. Abin da yake yi shi ne ya sauya direbobi, wato manhajojin da ke haɗa Windows da sassan na'ura, ya mayar da saituna yadda kamfani ya tsara, ya cire wasu ƙananan manhajoji. Fim kuwa sarƙa yake bi kafin ya iso idonka: fayil, manhajar kunnawa, kodek mai warware shi, direban katin hoto, wayar HDMI, sannan talabijin ko amfilifaya. Aikinka shi ne gano zoben da ya tsinke. Ka riƙa taɓa abu ɗaya, ka gwada, sannan ka matsa gaba. Wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Kwana goman farko

Kafin ka taɓa komai, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver. Rubuta abin da ya fito a takarda, misali 23H2 ko 24H2, domin wasu matsalolin na wani zubi ne kaɗai.

Idan ɗagawa aka yi a kan tsohon Windows, ba sabon zubi daga filash ba, akwai jaka mai suna Windows.old a faifan C. Ita ce hanyar komawa gida, kuma kwana 10 kawai Windows ke riƙe ta. Kada ka goge ta don neman fili, kada ka bar Disk Cleanup ko Storage Sense su share ta. Za ka iya tsawaita wa'adin zuwa kwana 60. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Wannan umarnin yana aiki ne kawai idan wa'adin bai riga ya ƙare ba. Mai amfani da Kodi, manhajar tsara finafinai da kunna su, ya kuma kwafi jakar %APPDATA%\Kodi zuwa filash. Duk jerin finafinansa da saitunansa suna ciki.

Sannan ka ba na'urar lokaci. A rana ta farko ko ta biyu Windows na saukar da ragowar sabuntawa, yana ƙirga fayiloli, yana bincika faifai. A ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 4 ko 8, musamman mai tsohon faifai mai juyawa, wannan kaɗai ya isa ya sa fim ya riƙa tsayawa. Bar ta a kunne na wasu awoyi lokacin da wuta ta zauna, ka yi mata Restart, ba Shut down ba. Dalilin bambancin yana zuwa a gaba.

Fayil uku da manhaja biyu

Ware fayiloli uku da ka tabbatar suna tafiya kafin ɗagawar, ka kwafe su zuwa faifan cikin kwamfutar, ba daga filash ko rawuta za ka kunna su ba. Na farko ya zama fim mai sauƙi, 1080p mai kodek ɗin H.264, mai sautin sifika biyu. Na biyu mai nauyi, mai kodek ɗin HEVC, in da hali na 4K. Na uku mai sautin 5.1, wato na sifika shida, Dolby ko DTS. Idan ba ka san me ke cikin fayil ba, buɗe shi a VLC ka danna Ctrl da J, ko ka sa ƙaramar manhajar MediaInfo. Za ta nuna maka kodek, yawan hotuna a daƙiƙa da irin sautin.

Kunna kowanne a manhajar da ka saba da ita, sannan a VLC. Hikimar ita ce VLC da Kodi suna tafe da kodek ɗinsu a ciki, ba sa jiran na Windows. Media Player da Films & TV kuwa da na Windows suka dogara. To, idan fayil ya tafi a VLC ya ƙi a Media Player, kodek ne ya ɓace. Idan ya cije a duka biyun, direba ne. Idan duka ukun sun tafi sumul daga faifan ciki amma suna cijewa daga inda ka saba ajiye su, laifin na hanyar da fayil ke biyowa ne, sai ka tsallaka zuwa sashen faifai da rawuta.

Direban katin hoto, inda aka fi samun ɓarawon

Kunna fayil na biyu, ka danna Ctrl, Shift da Esc don buɗe Task Manager, ka shiga Performance. Dubi abu biyu. A kwamfuta mai lafiya, layin CPU yana kwance can ƙasa, shi kuwa akwatin Video Decode da ke ƙarƙashin GPU, wato katin hoto, yana motsi. A mara lafiya, CPU na manne da kashi 90 zuwa 100, Video Decode a shafe kamar ba a kunna komai ba, fanka na gurnani har ana ji daga ƙofar falo, iskar da ke fita ta bayan akwatin da zafi. Ma'anarsa katin hoto ya ajiye aikinsa, furosesa, wato CPU, ce ke ɗaukar kayan da ba nata ba. A Kodi, danna harafin O lokacin da fim ke tafiya; idan ka ga HW kusa da sunan kodek, katin na aiki, SW kuwa furosesa ce.

Yanzu danna dama a kan Start, ka buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ka kama ɓarawo: babu direban gaskiya, na wucin gadi ne, ba ya warware bidiyo, kuma galibi sautin HDMI ma ba ya fitowa da shi. Idan sunan katin ya fito daidai, shiga Properties, sannan Driver, ka dubi kwanan watan. In maɓallin Roll Back Driver yana dannuwa, gwada shi tukuna, shi ya fi arha.

Idan bai yi ba, ga tsarin da ba ya ba da kunya. Sauke direba daga shafin Intel, Nvidia ko AMD. Ga 'yan tokumbo irin Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, fara da shafin kamfanin da ya ƙera akwatin, ka nema da lambar samfurin. Sauke kuma Display Driver Uninstaller, wanda ake kira DDU. Cire wayar intanet, ka kashe wayfai. Shiga Safe Mode ta hanyar riƙe Shift yayin danna Restart, sannan Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi lamba 4. Bari DDU ya wanke tsohon direban tas, kwamfutar ta sake tashi, ka sa sabon, ka sake Restart, sannan ka mayar da intanet. Cire intanet ɗin ba ado ba ne. In ka bar shi, Windows Update zai riga ka cusa nasa direban kafin ka gama, ka koma gidan jiya. Mai Windows Pro na iya hana hakan gaba ɗaya a gpedit.msc, da saitin Do not include drivers with Windows Updates.

Akwai iyakar da direba ba zai ƙetare ba, gara a san ta. Katin hoton da ke cikin furosesar Intel ta zubi na 4, wato 4th Gen, irin HD 4600, ba shi da cikakken ikon warware HEVC. Zubi na 6 yana warware HEVC mai bit 8. Sai daga zubi na 7, irin HD 630, ake samun cikakken HEVC mai bit 10, wanda finafinan 4K masu HDR, wato faffaɗan haske da launi, ke amfani da shi. Kodek ɗin AV1 kuwa sai zubi na 11, ko katin Nvidia daga jerin RTX 30. Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 ya fara, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Yawancin tsofaffin akwatunan da ke gudu da shi a kasuwa an bi ta taga ne aka shigar. Suna aiki, amma direbansu na ƙarshe na zamanin Windows 10 ne, shi za ka nema ka sa da hannu.

Idan direba na nan daidai amma hoto na fitowa kore, ko da tabo-tabo, ko baƙi ƙirin alhali murya na tafiya, shiga VLC, Tools, Preferences, Input/Codecs, ka sauya Hardware-accelerated decoding daga Automatic zuwa Direct3D11. In bai yi ba gwada DXVA 2.0, sannan Disable. Idan hoton ya gyaru ne kawai a Disable, direban ne har yanzu, sai ka gwada wanda ya girme shi da zubi ɗaya ko biyu. Sabon direba ba kullum ya fi dacewa da tsohon kati ba.

Kodek ɗin da suka yi ɓatan dabo

Saƙon kuskure 0xc00d5212 a Media Player yana nufin babu kodek. Windows ba ya zuwa da HEVC kai tsaye. Ana sayen HEVC Video Extensions a Microsoft Store a kan senti 99 na dalar Amurka, ko da yake wasu kamfanoni na saka shi tun daga masana'anta, sabon zubi daga filash kuma ya tafi da shi. AV1 Video Extension da MPEG-2 Video Extension kyauta ne. Daga 24H2 kuma Microsoft ta daina saka kodek ɗin AC-3, wato Dolby Digital, a sabon zubi daga filash. Wanda ya ɗaga daga tsohon Windows yakan tsira da nasa, wanda aka yi wa formatin kuwa sai ya ga hoto ba murya. Ka ga yadda maganin shago ke haifar da sabuwar cuta. Idan winver ko shafin About ya nuna harafin N a ƙarshen sunan Windows ɗinka, sai ka ƙara Media Feature Pack daga Optional features.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: kwamfutar falo ba ta da buƙatar dogaro da manhajar Windows. Sa VLC, ko MPC-HC wadda ke zuwa da LAV Filters a cikinta, ko Kodi idan da rimot ake sarrafa ta daga kujera. Abin da ba mu so shi ne tara tarin kodek kala uku a na'ura ɗaya, kowanne na ƙwace aiki daga ɗan'uwansa. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Idan akwai tsofaffi, cire su duka ka yi Restart. Bayan haka shiga Settings, Apps, Default apps, ka mayar da mkv, mp4, avi da ts hannun manhajarka, domin ɗagawa takan ƙwace su.

Masu neman Windows Media Center su haƙura, tun fitowar Windows 10 a 2015 aka cire shi. Faifan DVD kuwa VLC na kunna shi.

Karkarwa, koɗewar launi da wayar HDMI

Akwai wata irin matsala da Task Manager ba zai nuna ba. CPU na hutawa, Video Decode na aiki, amma duk lokacin da kyamara ta ratsa fili a hankali sai hoton ya riƙa ɗan fizga. Lissafi ne. Yawancin finafinai hotuna 23.976 ne a daƙiƙa, shirye-shiryen talabijin na Najeriya da Turai kuwa 25 ko 50. Bayan ɗagawa Windows kan mayar da allo kan 60. Raba 60 da 24 ba ya fita daidai, sai wani hoton ya tsaya sau uku, na bayansa sau biyu. A fayil mai 25 abin ya fi muni. Idan allon yana kan 50 kuwa, kowane hoto sau biyu ne cif, ido ya huta.

A Kodi, mayar da matakin saiti zuwa Expert, ka shiga Player, Videos, ka sa Adjust display refresh rate a kan On start/stop. Talabijin zai ɗan yi duhu na daƙiƙa biyu ko uku a farkon kowane fim, wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ba ya amfani da Kodi ya shiga Settings, System, Display, Advanced display ya zaɓa da hannu. Mai gidan kallo da ƙwallon Ingila ko Sifen ta fi yawa a allonsa ya bar shi a 50.

Launi kuma fuska biyu gare shi. Kwamfuta na lissafin haske daga 0 zuwa 255, bidiyo da talabijin daga 16 zuwa 235. In ɓangarorin biyu ba su yi magana ɗaya ba, ko dai baƙi ya koma toka-toka, ko duhu ya cinye komai har ba a bambance baƙar riga da dare. Sabon direba yakan juya wannan saitin. A Nvidia Control Panel yana ƙarƙashin Change resolution da sunan Output dynamic range. Intel da AMD ma suna da makamancinsa. A talabijin nemi HDMI Black Level a Samsung, ko Black Level a LG. Full a kwamfuta ya haɗu da Normal a Samsung ko High a LG. Limited ya haɗu da Low. Idan kuwa duk fuskar Windows ce ta yi fari-fari, HDR ne ya kunnu. Danna Windows, Alt da B tare ka kashe shi, ka riƙa kunna shi sai ga fim mai HDR. Duba kuma kada Night light ya kunnu ya rina komai ruwan ɗorawa.

Idan 4K ya maƙale a 30, ko allo na ɗaukewa yana dawowa, dubi hanyar. HDMI 1.4 na ɗaukar 4K a 30 ne kawai, 60 sai HDMI 2.0 mai gudun gigabit 18. Talabijin da yawa sai an buɗe wa kowace kafa wannan ikon: Input Signal Plus a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced a Hisense da Sony. Ƙananan akwatunan ofis kuma galibi DisplayPort gare su, ana sa musu ɗan mahaɗi zuwa HDMI. Mai arhar nan na tebur yawanci a 30 yake tsayawa. 4K a 60 sai mahaɗi mai guntun lantarki a ciki, wanda aka rubuta Active a jikinsa.

Zare wayar ka haska bakinta da fitilar wayarka. A unguwannin da ke kusa da ruwa, irin Ijora, Obalende ko Ajah, danshi da gishirin iska na cin ƙarfe. Za ka ga ƙananan haƙoran sun dushe, wani lokacin da ɗan kore-kore a gefe. Irin wannan wayar tana iya ɗaukar 1080p shekara da shekaru, ranar da sabon direba ya tura mata 4K sai ta fara walƙiya da ɗigon fari. Gwada gajeriya, mita ɗaya da rabi ko biyu, kai tsaye daga kwamfuta zuwa talabijin, ba amfilifaya ba na'urar raba hoto a tsakani. Netflix da makamantansa idan suka ba da baƙin allo, kariyar HDCP ce ta ƙi amincewa da wani abu a hanyar, galibi na'urar rabawa ko mai juya HDMI zuwa VGA. Na 4K yana buƙatar HDCP 2.2 a kowane zobe, da kodek ɗin HEVC, da burauza irin Edge ko manhajarsu.

Gefen hoto ya yanke har ba a ganin layin ƙasa? A talabijin ake gyara shi: Just Scan a LG, Fit to Screen a Samsung.

Sauti

Danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl. Wannan tsohon allon ya fi sabon shafin Settings bayani. Danna dama a cikinsa ka kunna Show Disabled Devices. Nemo sunan talabijin ko amfilifayarka, ka sa shi Set Default. Sau da yawa iyakar matsalar ke nan: Windows ya mayar da murya zuwa ƙaramar sifikar cikin akwati. Idan sunan bai fito ba sam, koma kan direban katin hoto, domin sautin HDMI a cikinsa yake, ba a direban Realtek ba.

Daga nan danna Configure. Ga wani abu da ke rikita mutane: kiɗa da ƙarar mota na tashi da ƙarfi, amma maganar 'yan wasa kamar daga rijiya. A sautin 5.1 magana na bi ta sifikar tsakiya. Idan ka gaya wa Windows kana da sifika shida alhali biyu ne a falon, maganar na tafiya inda babu kowa. Mai talabijin kaɗai, ko mai irin home theatre ɗin nan da ake haɗawa da wayar ja da fari, ya zaɓi Stereo, a Kodi ma ya sa Number of channels a 2.0. Mai amfilifaya ta gaskiya ya zaɓi 5.1 ya danna Test, ya bi sifikun ɗaya bayan ɗaya da kunnensa.

Idan a da fuskar amfilifayarka na rubuta Dolby Digital ko DTS, yanzu kuwa PCM, wato sautin da kwamfuta ta riga ta warware, kawai take nunawa, an daina miƙa mata sautin ɗanye. A Properties, ƙarƙashin Advanced, sa alama a akwatunan biyu na Exclusive Mode. Kashe Spatial sound da Audio enhancements. A Kodi shiga System, Audio, ka zaɓi na'urar da sunanta ya fara da WASAPI, ka kunna Allow passthrough, sannan ka sa alama kawai a nau'ikan da amfilifayar ke ganewa. In ka kunna wanda ba ta sani ba, shiru za ka ji ko wata ƙara mai kama da soya mai, don haka rage murya kafin gwaji. Ka kuma kashe Sync playback to display, domin ba ya zama tare da miƙa ɗanyen sauti.

Wayar haske ta optical na ɗaukar sifika biyu, Dolby Digital da DTS na asali kaɗai. TrueHD da DTS-HD ba sa bi ta cikinta, ba sa bi ta tsohon ARC, hanyar da talabijin ke mayar da sauti zuwa amfilifaya ta HDMI. Sai sabonsa eARC, ko HDMI kai tsaye zuwa amfilifaya. Talabijin ɗin Samsung daga samfurin 2018 ba sa karɓar DTS. A irin wannan hali kashe DTS a jerin, manhajar ta warware shi da kanta.

Baki da murya ba sa tafiya tare? A VLC haruffan J da K na matsar da murya da kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa a kowace dannawa. Idan kowane fim sai an matsar da adadi ɗaya, talabijin ne ke jinkirta hoto. Kashe masa saitin santsin motsi, ko ka sa jinkirin sau ɗaya a amfilifaya. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi yayin da fim ke nisa, kwamfutar ce ke zubar da hotuna, koma Task Manager.

Faifai da rawuta

Kodi na cewa fayil ba ya nan alhali faifan na haɗe: harafin faifan ne ya sauya, E ya koma F. Buɗe diskmgmt.msc, danna dama a kansa, Change Drive Letter and Paths, ka mayar da na da. Ba shi harafi na can ƙarshe kamar M ko X ya fi, don kada filash ɗin baƙo ya riga shi zama. Sai dai a lokacin dole ka gyara hanyar a Kodi sau ɗaya.

Idan finafinan na kan wata kwamfuta ko akwatin ajiya na gida, fara da duba Network profile. Ɗagawa kan mayar da shi Public, ka mayar Private. Kuskuren 0x80070035 ya yawaita da 24H2, saboda a Windows Pro zubin na tilasta sa hannun tsaro a SMB, tsarin musayar fayil tsakanin na'urori, kuma ya daina shiga a matsayin baƙo mara kalmar sirri. Gyaran da ya dace a ɗaya ɓangaren yake: buɗe suna da kalmar sirri a akwatin ajiyar, ka kunna SMB2 ko SMB3. Tsofaffin rawutoci masu kafar USB da yawa SMB1 kaɗai suka iya, wanda Windows ya daina sakawa tun 2017, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta cikinsa. Kada ka dawo da shi. Zare faifan ka haɗa shi da kwamfutar kai tsaye, ko ka karanta shi a Kodi ta DLNA, wata hanyar raba bidiyo tsakanin na'urorin gida.

Duba gudun wayar ma a Settings, Network & internet, Ethernet. In ka ga 100/100 maimakon 1000/1000, babban fayil na 4K zai riƙa tsayawa a wuraren da motsi ya yi yawa. Ko direban katin sadarwa ne, ko ɗaya daga cikin zaruruwa takwas na wayar ya saki. Mai amfani da datar MiFi ya kunna Metered connection, kada Windows ya shanye masa kuɗin wata a dare ɗaya.

Wuta, da abin da take yi wa gaisuwar HDMI

Duk lokacin da aka kunna na'urorin, talabijin na gaya wa kwamfuta girman allonsa da irin sautin da yake ɗauka. Idan aka ɗauke wuta, kwamfuta na kan UPS ko inbata amma talabijin da amfilifaya sun mutu, sai janareto ya tashi su dawo, wannan gaisuwar takan rikice: murya ta ɓace, ko allo ya koma ƙarami. A gidan da ake sauya layi sau uku a dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Danna Windows, Ctrl, Shift da B tare yana farfaɗo da direban hoto ba tare da kashe komai ba. In bai yi ba, zare talabijin da amfilifaya daga bango na minti ɗaya, ka kunna talabijin, sannan amfilifaya, kwamfuta a ƙarshe. Mafi alheri duka ukun su zauna a kan layin inbata ɗaya.

Fast Startup ne ke sa Shut down ba ya zama kashewa ta gaskiya. Windows na adana halin direbobi ya dawo da shi, har da rikicin. Ɗagawa kan sake kunna shi. Shiga powercfg.cpl, Choose what the power buttons do, Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar. A nan kuma, cikin Advanced power settings, kashe USB selective suspend, wanda ke sa faifan waje da na'urar karɓar rimot yin barci a tsakiyar kallo.

Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗagawar kanta, fayilolin Windows na iya raunana. A Command Prompt na Administrator, gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sannan sfc /scannow. Faifan wajen da wuta ta katse yana rubutu kuma a yi masa chkdsk da harafinsa da /f.

Komawa baya ko sayen kati

Ka bi duk wannan, fayil na farko ma bai tafi daidai ba, kuma wa'adin bai cika ba? Settings, System, Recovery, Go back. Haɗa kwamfutar da inbata mai cikakken caji kafin ka danna, kada kuma a yi shi ana saura awa ɗaya a buɗe gidan kallo. Windows 10 da ba ya samun gyaran tsaro ya dace da na'urar da aikinta kunna fayil ne daga faifai, ba wadda ake shiga banki da ita ba.

Idan kuwa fayil na biyu ne kaɗai ke gagara, kuma furosesar ta zubi na 6 ce ko ƙasa, kati za ka ƙara. Nvidia GT 1030 na warware HEVC mai bit 10, yana da HDMI 2.0, wutar da yake ci wajen wat 30 ce, ba ya buƙatar ƙarin waya daga gidan wuta. Nemi mai GDDR5, ba mai DDR4 ba, ka tabbatar an haɗo maka da gajeren ƙarfen baya idan akwatinka siriri ne. GT 710 da GT 730 sun cika kasuwa kuma sun fi arha, amma ba sa warware HEVC. 'Yan mitsitsin akwatunan nan masu girman littafi ba su da gurbin kati ko kaɗan. Tafi kasuwa da fayilolinka uku a filash, a sa katin a gabanka, a buɗe Task Manager, ka ga layin Video Decode ya motsa kafin ka ƙirga kuɗi.